Teófilo Ocampos, Mai Ba Da Sautin Farko

A unguwar Sajonia, kusa da bakin kogi a birnin Asunción, ana gane gidan Teófilo Ocampos da damman karan da ke rataye a ƙarƙashin rufinsa. Ba na hura wuta ba ne, ba kuma na shinge ba. Idan sanyi ya shigo yakan tafi ƙauyensu a gefen kogin Tebicuary ya saro su da hannunsa, ya ɗoro su a motar haya, ya rataye su sai sun bushe sun yi launin zuma. A cikinsu yake tsago ɗan siririn karan busa da ake sa wa a bakin obo.

Obo 'yar'uwar algaita ce, baƙa, siririya, da maɓallan azurfa a jikinta, sai dai muryarta ta fi ta algaita sanyi. Amma ita kaɗai itace ne kawai, kara ne yake magana. Kullum da safe Teófilo yana kan ɗan teburinsa a tsakar gida da wuƙa, yana kankare kara har sai ya yi siranta kamar ɓawon albasa. Ya tsoma a ruwa, ya hura, ya ƙara kankarewa. Da yawa a kwandon shara suke ƙarewa. Matarsa Eulalia takan ce ta auri mai kiɗa, ashe masassaƙi aka kawo mata.

Ɗan mai amalanken shanu ne. Da ya je aikin soja na dole aka jefa shi cikin 'yan badujala, wani tsohon saja ya miƙa masa obo saboda babu mai sonta, ana cewa tana sa ciwon kai. Ta kuwa sa masa ciwon kan, amma bai sake ta ba. Bayan ya ajiye kaki ya shiga babbar ƙungiyar makaɗa a birni, yana kujera ta biyu a wajen masu obo. Da na farkon ya rasu aka matso da shi, ya zauna a kujerar nan kusan shekara talatin.

Wannan kujera tana da aikin da babu mai yin sa sai mai ita. Kafin a fara kowane wasa, idan zaure ya yi tsit, babban mai goge yakan miƙe ya dubi mai obo na farko. Shi kuma sai ya hura sauti guda ɗaya dogo, wanda suke kira La. A kan wannan sautin kowa yake daidaita kayansa: masu goge su murɗa tsirkiya, masu sarewa da masu kakaki su ja ko su tura. Ba a gardama da shi. Abin da mai obo ya hura, shi ne La na ranar. Teófilo ba mutum ne mai fankama ba, amma yana son wannan ɗan lokacin fiye da tafin da ake yi a ƙarshe.

Yana kuma tsara waƙoƙi, irin na guarania masu tafiya a hankali, biyu daga ciki har gidan rediyo yakan sa su da hantsi. Da yamma yana koyarwa a makarantar kiɗa. A cikin ɗalibansa babu wadda ya sha wahala a kanta kamar Zulma Riquelme, 'yar mai sayar da chipa, wainar rogo da cuku, a bakin kasuwa. Ta zo masa tana yarinya, ya koya mata riƙon wuƙa kafin ya bari ta taɓa obo. Ta girma, ta tafi Buenos Aires ta ƙaro ilimi, ta dawo tana cike gurbi a ƙungiyar idan wani ba shi da lafiya. Duk da haka ba ta daina zuwa gidansa ran Asabar su busa tare ba.

A damansa a ƙungiya, kafaɗa da kafaɗa, Aristides Cañete ne, babban mai sarewa. Ƙato ne mai tumbi da barkwanci, shi ne kuma ya riƙe Nilda, 'yar Teófilo, ranar da aka yi mata baftisma, don haka compadre suke kiran juna. Idan aka tashi hutun gwaji, su biyu suke zama a gindin mangwaron bayan zaure da ƙahon saniya cike da ganyen shayin terere da tulun ruwan ƙanƙara, wannan ya zuƙa ya miƙa wa wancan. Mai obo sai ya fara fitar da tsohuwar iska kafin ya shaƙi sabuwa, shi kuwa Teófilo idan ya yi haka hancinsa yana ɗan yin fito. Aristides bai taɓa barin wannan ya wuce ba.

"Compadre, butarka ta tafasa," yakan raɗa masa ana tsakiyar kiɗa. "A kawo kofi?"

"Kai dai ka kula da tumbinka, yana ture min takarda."

Wata shekara haƙoran gaban Teófilo suka lalace, likita ya cire su ya yi masa na roba. Ya yi hutu, ya dawo da fargaba, domin mai obo da leɓe da haƙori yake riƙe kara. Ranar da ya dawo, bayan ya ba da La an gama gwaji, ya ja Aristides gefe.

"Faɗa min gaskiya. Yaya ka ji?"

"Kamar ba a taɓa ka ba, mutumina. Ka ma ci riba, yanzu in ka yi dariya yara ba sa gudu."

Teófilo ya yi dariyar, hankalinsa ya kwanta. Bai sake tambayar kowa ba.

Shekaru suka ɗan ja, aka kawo wa ƙungiyar sabon jagora, matashi wanda ya yi karatu a ƙasashen waje. Bai daɗe ba ya ce kowace kujera za a sake jarraba mai ita, tsoho da sabo, a bayan labule. Za a rataya baƙin labule tsakanin mai busa da alƙalai, a shimfiɗa darduma don kada a ji takun kowa, babu magana, babu tari. Kunne kaɗai zai yanke hukunci.

Tsofaffin ƙungiya suka ce ba za ta yiwu ba. Suka shirya su ƙi gaba ɗaya, suka kuma zuba wa Teófilo ido, domin shi ne babba, inda ya sa ƙafa nan za su sa. Shi ma ransa bai so ba. Mutumin da ya yi furfura a kan kujera, a ce ya cire takalmi ya laɓe kamar ɗan makaranta?

Aristides ne ya sauya masa ra'ayi. An riga an naɗa shi cikin alƙalan masu busa, shi da jagora da babban mai goge.

"In kuka ƙi, yaron nan zai ce tsoro kuke ji," ya ce yana cika ƙaho da ruwa. "Ka shiga ka busa, ka rufe masa baki. Wa ke garin nan da zai ja da kai?"

"Ba tsoro ba ne. Raini ne ba na so."

"To ai ni ina ciki, compadre. Labule ai ido yake rufewa. Ni da na sha fiton hancin nan tun ina da gashi a ka, ko a cikin rijiya ka busa zan gane ka."

Teófilo ya zuƙi terere ya miƙa masa ƙahon. Washegari ya gaya wa sauran shi zai shiga. Da suka ji haka, kowa ya sauke kai ya bi.

Ya shirya kamar ango. Ya kankare kara har sai da ya sami wanda ya yi masa daidai, Eulalia ta goge masa farar riga duk da babu mai ganin ta. Ranar jarrabawa ya cire takalmi a ƙofa, ya taka dardumar da safa, ya tsaya gaban baƙin ƙyalle ya busa. A kunnensa bai taɓa busa irin ta ranar ba. Ya fito ya tarar da Zulma a layi tana rungume da akwatin obonta, fuskarta kamar mai zazzaɓi. Ya dafa kafaɗarta ya ce kada ta manta ta fitar da iska kafin ta shaƙa, kujera ta biyu tana jiran ta.

Da la'asar jagora ya tara su ya faɗi sakamako. Da ya zo kan obo ya ce Zulma Riquelme ce ta farko, Malam Ocampos kuma ana roƙon sa ya riƙe ta biyu. Ya ƙara da cewa, don kada wani ya yi zargi, a kan wannan kujerar bakin alƙalan duka ya zo ɗaya.

Bakin alƙalan duka. Teófilo ya juya ya nemi Aristides. Aristides yana duƙe yana goge sarewarsa da ƙyalle, yana ta gogewa.

Teófilo ya sa takalminsa, ya hau bas, ya koma gida. Eulalia ta dubi fuskarsa ta ajiye masa abinci ba ta tambaya ba. Sai da ya ture kwanon ya gaya mata.

"Har da compadre?" ta ce.

"Har da shi."

Ran Lahadi bayan an taso daga coci aka tafa hannu ana sallama a ƙofar gida. Aristides ne, da ƙunshin chipa mai zafi a hannu. Eulalia ta karɓa ta shige ciki ba ta ce masa ya zauna ba. Shi ya jawo kujera da kansa zuwa inuwar da Teófilo yake.

"Zafin nan zai kashe mu bana," in ji Aristides.

"Zai kashe mu."

"Nilda fa? Da yaran?"

"Lafiya lau."

Aristides ya share gumi. Ya duba ko za a kawo terere, bai ga alama ba.

"Ka san yadda labulen nan yake, compadre. Mutum yana zaune, sauti ne kawai yake zuwa, wannan bayan wancan, har kai ya ɗaure. Ba ka sanin waye..."

"Aristides."

"Na'am."

"Kada ka ƙara min da wannan. Ka gane ni ko ba ka gane ni ba?"



"Tun kafin ka hura," in ji Aristides. "Da ka fitar da iska."

"To."

"Sautinka ya sauka, Teo. La ɗinka ya yi ƙasa. Ba da yawa ba, amma ya yi ƙasa, kuma duk abin da ka busa yana bin sa. A gaban yaron nan da babban mai goge, in na ce ban ji ba, sun san ƙarya nake yi."

"Ranar ce kawai? Kara ne wataƙila, zafi yana..."

"Ba ranar ba ce. Tun haƙoran nan ne."

Teófilo ya ji kamar an zare kujerar da yake kai. Ya lissafa a ransa wasannin da aka yi tun daga lokacin, da baƙin da aka gayyato daga wasu ƙasashe, da duk ranar da ya hura sautin nan yana jin daɗi zaure ya yi masa tsit.

"Su waye suka sani?"

"Kowa. Masu goge sukan ɗaure tsirkiya a kan naka, in an fara sai su ɗan hau sama da yatsa. Ni kuma nakan zaro kan sarewata kaɗan in sauko in same ka, don kada a ji mu biyu muna faɗa. Mun saba har ba ma tunanin abin."

"Na tambaye ka. A bakin ƙofar zaure na tambaye ka, ka ce kamar ba a taɓa ni ba."

"Me kake so in ce? Ka dawo da fargaba, bakinka bai gama warkewa ba. Na ce zai gyaru da kansa. Da bai gyaru ba kuma, ta ina zan fara? Wa ya taɓa ce wa mai obo La ɗinsa ba daidai ba ne? Girmanka muka tsare, compadre."

"Girmana." Teófilo ya miƙa hannu kan tebur ya ɗauko kara guda ya nuna masa. "Ka ga wannan? In na datse bakinsa da kamar kaurin farce, sauti ya hau. Aikin safiya ɗaya ne. Da ka faɗa min a gindin mangwaro, tsakanin zuƙa da zuƙa, da na ji haushinka kwana biyu na gyara. Fiton hancina ba ka taɓa bari ya huta ba, wannan ne ya fi ƙarfin bakinka?"

Teófilo ya mayar da karan kan tebur ya ci gaba.

"Wancan ma na bar shi. Amma ka san haka, ka zauna ka cika min ƙaho, ka ce in shiga bayan labule. Mutanen nan da sun ƙi, da babu jarrabawar. Ni na ja su. Uku daga cikinsu yau ba su da kujera."

"Jagora ya ce in tsofaffi suka ƙi zai watsa ƙungiyar ya kafa sabuwa. Ya ce in shawo kanka. Na ga gara..." Ya tsaya. "Na ɗauka ranar za ka dace. Allah ya sani na yi fatan haka."

"Ka gaida gida," in ji Teófilo.

Bayan ya tafi, Teófilo ya shiga ɗaki ya buɗe aljihun tebur. Can ƙarƙashin tsummoki akwai ɗan ƙarfe mai baki biyu wanda tsohon sajan nan ya ba shi, wanda in an buga shi yake ba da La na gaskiya. Ya daina taɓa shi tun da daɗewa, yana cewa La yana cikin kansa. Ya jiƙa karan da ya yi jarrabawa da shi, ya buga ƙarfen a gwiwa, ya hura. Sautukan biyu suka haɗu suna karkarwa, suna gogar juna, sun ƙi zama ɗaya. Ya sake. Haka dai. Eulalia tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya.

"Tsoho na, ka bari haka nan," ta ce.

"Ke ma kin ji?"

"Ni me na sani? Ni duk abin da ka busa daɗi yake min."

Ita kaɗai ya yarda da ita.

Bai koma gwaji ba. Ran Asabar sai ga Zulma a lokacin da ta saba zuwa, da akwatinta. Ta tsaya daga nesa kamar baƙuwa har sai da ya ce ta zauna.

"Malam, ban shiga don in ture ka ba. Ta biyu na je nema."

"Na sani. Kin busa, an ji. Ba ki da laifi a nan."

"Ka dawo, don Allah. Ka zauna kusa da ni. Rikicewa nake yi in babban mai goge ya dube ni. Suna ne kawai ya sauya, komai kai zan tambaya."

Ya dube ta da kyau. Kunnen yarinyar nan shi ya fi kowa sanin kaifinsa, shi ya wasa shi. Kuma duk Asabar suna busa tare, sautinsu yana zama ɗaya kamar zare guda.

"Zulma, in sautina ya sauka, yaya aka yi ni da ke muke daidaita a tsakar gidan nan?"

Sai ta jawo ɗan akwatin karanta ta buɗe. A jere suke da zare ja, sai guda biyu a gefe da zare shuɗi.

"Masu shuɗin na nan gidan ne," ta ce a hankali. "Nakan bar su da ɗan tsawo, in ƙara kankare cikinsu, don su sauko."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in tafi Buenos Aires."

Ya karɓi ɗaya ya ɗaga shi a rana. Kankara ce mai tsabta, gefe da gefe daidai, babu inda wuƙa ta zame. Yadda ya koya mata, har ta fi shi. Ta zauna a ɗakinta, ta ɓata safiyarta, ta sassaƙa kara na musamman don kada malaminta ya ji abin da kowa yake ji.

"Aikin ya yi kyau," ya ce, ya mayar mata.

"Malam, kunya ce. Yaya za a yi ni in ce maka..."

"Da bakin da kike cewa in duba miki kara. Ba sai kin ce komai ba ma. Da kin zo da jan nan rana ɗaya kin busa, da na ji da kunnena."

Ta fara hawaye. Bai lallashe ta ba, bai kuma yi mata faɗa ba. Ya ce ta je ta riƙe kujerarta da kyau, kuma kullum kafin ta fita gida ta buga ƙarfe ta saurara, kada ta yarda da fuskar kowa. Kujera ta biyu kuma ta gaya wa jagora ya nemi wani. Ba zai iya zama a tsakiyar mutanen da suka yi shekaru suna yi masa murmushi suna gyara yatsu a ɓoye ba.

A makon nan ya datse karansa, sautinsa ya hau ya zauna daram a kan ƙarfe. Safiya ɗaya ta ɗauke shi, kamar yadda ya faɗa. Amma bai sake busa a gaban jama'a ba. Ya ci gaba da koyarwa, ɗalibai na yanzu kuma suna cewa ya cika tsanani, domin kuskure bai gama fita daga bakin obo ba ya faɗe shi. Waɗanda suka san shi da can sukan yi mamaki.

Tsakaninsa da Aristides kuwa, wanda ya riƙe maka 'ya a coci ba a yanke shi. Suna haɗuwa a biki da jana'iza. Teófilo yakan miƙa masa hannu, ya kira shi compadre, ya tambayi gwiwarsa da maiɗakinsa. Sai dai bai ƙara tambayarsa yadda ya ga wani abu ba, ko da hadari ne ya haɗo ana shawarar a shigar da kujeru.